Abin da Sikeli Bai Faɗa Ba

Babana yana sayar da gishiri da sukari a Singa,
shekara ashirin da ɗoriya, rumfa ɗaya, sikeli ɗaya.
Ya ce sikelin nan bai taɓa cin haƙƙin kowa ba:
kilo kilo ne, ko na wane ne, ko na mene ne.
Da wannan aka yaye ni.
Da shi na shiga ɗakin gwaji ranar Talata,
a makarantarmu ta bayan Gwale,
fanka a tsaye, zufa tana bin wuyana.

Malam Nalado ya ce, kwalba biyu, lita ɗaiɗai,
ɗaya gishiri, ɗaya sukari, mol guda a kowacce.
Na auna gishiri, giram hamsin da takwas da rabi.
Na ce to, adalci ai a yi wa kowa daidai,
na auna sukari haka nan, ban ƙara ko ƙwaya ba.
Na zuba, na girgiza, na cika ruwa har zoben wuyan kwalba.
Su biyun suka kwanta garau,
ido bai san wa daga ƙane ba.

Ya duba littafina. Bai yi faɗa ba.
Alli ya miƙo mini.
"Hindatu, sikeli ya ba ki nauyi.
Wa ya ba ki ƙidaya?"

Ya ce mol ƙidaya ce, kamar dozin,
sai dai dozin ce da baki ba ya kai ƙarshenta.
Ƙwayar gishiri 'yar firit ce, ba ta da kaya,
ta sukari kuwa ta sha ɗauri kamar mai ƙaura,
sai an tara giram ɗari uku da arba'in da biyu
kafin a ce mol ya cika.
Raba abin da kika auna da nauyin mol ɗinsa,
abin da ya fito, raba shi da lita.

Na raba. Alli ya karye, na ɗauki guntun.
Gishiri ya ba ni ɗaya cif.
Sukari ya ba ni kashi ɗaya cikin shida, shi ma da ƙyar.
Ruwa ɗaya, nauyi ɗaya,
amma kwalbar hagu cike take da jama'a,
ta dama kuwa tsiraru ne, kowa ya miƙe ƙafa.

Bayan isha'i na kai wa Baba ƙara,
yana lissafin bashin 'yan tireda a bayan kwali.
Ya ce, "Wato sikelina maƙaryaci ne?"
Na ce a'a, abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa.
Ya yi shiru har shayinsa ya huce.

Can ya tashi, ya ɗebo gero, ya ɗebo gurjiya,
ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya,
har allura ta tsaya wuri guda.
Ya ƙirga gurjiya, ya gama.
Ya fara gero, ya kai sittin, ya yi tsaki, ya yi dariya.
"Ashe adaidaita sahu ne.
Alhazai uku sun cika shi,
'yan firamare kuwa sai ka loda tara, tayar ba ta sani ba."

Ban gyara masa komai ba.

Talata ta zagayo. Na auna ɗari uku da arba'in da biyu,
tsibin sukari kamar za a yi alawar suna,
gefensa ɗan gishirin da bai cika tafin hannu ba.
Wanda ya leƙo ta taga zai ce na yi son kai.
Malam Nalado ya ɗaga kwalaben a hasken rana,
ya sa hannu da jan biro, ya wuce.

Har yau Baba yana aunawa da sikelinsa.
Sai dai jiya na ji shi yana ce wa mai sayen kilo,
"Gishirin nan ya fi sukari yawa, ka sani?"
Mutumin ya dubi allura,
ya dubi Baba,
ya karɓi canjinsa.